Kwantara ta hannun kabine: a karanta kafin a sa hannu



Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan karin magana ta faɗo mini a rai makon jiya, sa'ad da na je gaida ƙanen wani abokina a Maraɗi, direba, wanda ke kwance da karaya a ƙafa. Shekara 3 ya yi yana tuƙa motar wata ƙungiyar agaji, amma ba ita ta ɗauke shi ba. Wani buro ne na masu samo wa ma'aikatu ma'aikata, irin waɗanda ake kira kabine, ya kai shi. Da hatsari ya same shi kan hanyar Dakwaro, ƙungiyar ta ce ya nufi kabine. Kabine kuwa ta buɗe takardar da ya sa wa hannu, ta nuna masa kalma guda ta Faransanci, «prestataire», wato ɗan kwangila mai zaman kansa. Ashe ba shi da lamba a asusun CNSS, ba wanda ya taɓa zuba masa ko dala.

Ire-irensa suna da yawa a Yamai, da Damagaram, da Tawa: direbobi, masu gadi, tafintoci, masu bincike cikin ƙauyuka, masu gyaran kwamfuta. Rashin aiki ya sa mutum bai tsayawa karatun kwantara; da an miƙo masa alƙalami sai ya sa hannu, yana godiya. Alhali kuwa a cikin wannan takarda ne aka yanke wanda zai biya lanho, da wanda zai ɗauki nauyinsa ranar ciwo da ranar tsufa.

Ga yadda abin yake. Idan kai ma'aikaci ne, wajibi ne wanda ya ɗauke ka ya rubuta ka a CNSS, ya cire kashi 5,25 cikin 100 daga albashinka, ya haɗa da nasa kason wanda ya fi naka yawa, ya zuba. Shi ne kuma ke cire lanhon albashi ya kai wa gwamnati, kuma ba shi da ikon biyan ka ƙasa da mafi ƙanƙantar albashi, wanda aka ɗaga zuwa jika 42 a wata a shekarar 2024. Idan kuwa kai ɗan kwangila ne, to kai ne ubangijin kanka: kai za ka nemi lambar NIF a ma'aikatar lanho ta DGI, kai za ka rubuta takardar neman biya, kai za ka bayyana abin da ka samu. Wanda ke biyan ka yana riƙe wani kaso a matsayin kafin-alƙalami na lanho, kuma abin da ake riƙe wa marar NIF ya fi na mai ita.

Kowane ɗaya daga cikin biyun halal ne. Tafintan da ke yi wa ma'aikatu biyar aiki da kayansa, a lokacin da ya ga dama, ɗan kwangila ne na gaskiya. Ɓarnar tana wurin wanda aka mai da jemage: ranar aiki ma'aikaci ne, ana yanka masa lokacin zuwa da na tashi, ana yi masa faɗa in ya makara, ranar biyan haƙƙi kuma ya zama ɗan kwangila.

To, doka ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45, ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗauki duk wanda ke aiki don a biya shi, ƙarƙashin jagoranci da ikon wani, a matsayin ma'aikaci. Ke nan sunan da aka rubuta bisa takarda bai isa ya shafe abin da ke gudana kullum ba. Wanda aka zalunta yana iya kai kuka wurin sufeton ƙwadago na jiharsa, wanda zai nemi sulhu. In sulhu ya gagara, sai kotun ƙwadago. Sai dai alƙali da hujja yake aiki, kuma direbanmu ko kofin kwantararsa ba shi da shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka sa hannu ka tambayi abu uku. Na farko, wa ya ɗauke ni, kabine ko ma'aikatar da zan yi wa aiki, kuma da wane matsayi? Ka karɓi kofin takardar ka adana. Na biyu, in ma'aikaci nake, ina lambata ta CNSS? Ka je da ƙafarka ka bincika ko ana zubawa. Na uku, in ɗan kwangila nake, ina takardar shaidar abin da aka riƙe mini na lanho? In babu ita, ranar da ma'aikatar lanho ta neme ka, ba ka da abin nuna cewa an riga an cire, sai ka biya sau biyu.

Ku kuma manyan ma'aikatu da ƙungiyoyi masu fakewa bayan kabine, ku tambaye ta shaidar abin da take zubawa kafin ku biya ta. Wanda ke tuƙa ku cikin rairayi da duhun dare ya cancanci wannan ƴar tambaya.

Ƙanen abokina dai dangi ne ke tara masa kuɗin magani. Allah ya ba shi lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.