Zauren Iyali: Minti Ɗaya Kafin A Ɗaure Cibiya

Zancenmu na wannan fitowa a kan bakwaini yake, da wani ɗan lokaci da aka daɗe ana yi wa gaggawa a ɗakin haihuwa.

Idan jariri ya faɗo, igiyar cibiyarsa ba ta gama aikinta ba. Takan ci gaba da harbawa, tana tura masa jinin da ya rage a mabiyiya, daidai lokacin da huhunsa ke buɗewa yana neman jini. Shekaru da dama likitoci sun saba ɗaure ta nan take, balle ga bakwaini, domin a ruga da shi wurin ɗumi. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai yaron yakan tafi ya bar wani kaso na jininsa a baya.

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce kada a ɗaure cibiya kafin minti ɗaya, muddin jaririn ba ya bukatar a taimaka masa ya yi numfashi nan take.

Wani babban bincike da likitocin Ostareliya suka jagoranta ya duba jarirai fiye da 1,500 waɗanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 30. An ɗaure wa wasu cikin daƙiƙa 10, wasu kuwa aka jira minti ɗaya ko fiye. Sakamakon farko, a 2017, bai nuna wani bambanci a fili ba. Amma da aka bi yaran har suka shekara biyu, rahoton 2021 ya nuna mutuwa ta ragu da wajen kashi 30 cikin ɗari a waɗanda aka jira wa. A 2023 mujallar Lancet ta tara bincike masu yawa, ta sake tabbatar da raguwar mutuwar.

A nan nake roƙon mai karatu ya yi hattara, domin na ji masu cewa jiran yana ƙara wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa. Binciken bai faɗi haka ba. A wajen tafiya, gani, ji da magana, ba a ga bambanci bayyananne tsakanin yaran ba. Ribar da ta tabbata ita ce rai, da raguwar bukatar ƙarin jini, kuma wanda ya taɓa yawon neman jini da tsakar dare ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Jira daban, tatsa daban. A 2019 an wallafa rahoton wani bincike da aka dakatar saboda tatsar igiyar da hannu ta ƙara zubar jini a ƙwaƙwalwar jariran da ba su kai mako 28 ba.

Saboda haka ke 'yar'uwa, ki yi wa ungozomar asibiti wannan tambaya tun a wurin awo, ba ranar naƙuda ba. Kai kuma maigida, idan naƙuda ta zo kafin lokaci, kada a tsaya shawara a gida. Can asibiti ne ake da wanda zai duba numfashin yaron ya ce a jira ko a yanke.