Wasiyyar Jinya: Wa Zai Yi Magana Idan Bakin Majinyaci Ya Rufe?

Akwai wata matsala da ta daɗe tana damun 'yan Arewa mazauna Ikko, musamman a Zangon Agege da Idi-Araba da Alaba Rago. Mutum ya bar iyali a Kano ko Sakkwato ya zo neman halaliya, kwatsam sai ciwo ya kayar da shi, a ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibitin koyarwa na Ikeja ko na Idi-Araba. Likita ya ce sai an yi aiki, ko an yanke ƙafa, ko an fara wankin ƙoda, ga shi kuwa majinyaci ba ya cikin hayyacinsa. To, wa zai sa hannu?

A nan ne gardama kan ɓarke. Maigidansa ya ce a bar shi a hannun likita, 'yan'uwa kuma su bugo waya su ce lalle a kawo shi gida, alhali tsakanin Ikko da Kano tafiya ce ta kusan kilomita 1,000 a mota. Kafin a daidaita, lokaci ya ƙure.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne doka ta ba majinyaci murya. A 2001 Kotun Ƙoli, cikin shari'ar Dokta Okonkwo, ta yanke cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, har da ƙarin jini. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ce a bayyana wa majinyaci ciwonsa, da hanyoyin magani da haɗarinsu, cikin harshen da yake ji in da hali. Amma fa wannan iko yana amfani ne muddin mutum yana iya magana. Shi ya sa Ingila ta yi doka a 2005 wadda ta yarda mutum ya rubuta irin maganin da ba ya so tun yana da lafiya, ya kuma naɗa wakili.

Wasiyya ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, sai dai galibi takan tsaya kan bashi da dukiya. Ba laifi a ƙara mata batun jinya. Magidanci ya zaɓi mutum guda amintacce da ke kusa, ya gaya masa a gaban shaidu biyu ko yana so a kai shi gida, ko ya yarda da aiki, da inda kuɗin magani zai fito. A rubuta da boko ko ajami, a sanar da iyali a Arewa, a kuma ba da sunan wakilin yayin yankar kati.

Wannan ba kiran mutuwa ba ne, rai na Allah ne. Ya kamata sarakunan Hausawa da limamai su ja hankalin jama'a tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.