Gwaji ya wuce, amma me aka gwada?

Ranar 19 ga Yulin 2024, wani gyara da kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows. Asibitoci da bankuna suka rikice, kamfanin Delta kaɗai ya soke tashin jirage kusan 7,000.

Abin da ya kamata matasa masu rubuta manhaja su lura da shi: an yi gwaji, kuma ya wuce lafiya lau. Sai dai manhajar tana jiran bayanai 21, ana ba ta 20. Gwaje-gwajen kuwa an tsara su ta yadda gurbi na 21 ke amsa komai, don haka ba su taɓa leƙa shi ba.

Yawan gwajin da ya wuce ba hujja ba ne muddin ba a rubuta a gefen kowanne abin da ya duba da abin da ya tsallake ba. Aiki ne mai gundura, mai ba da kwangila ma ba ya ganinsa balle ya biya, shi ya sa ake fara yar da shi in lokaci ya ƙure.

Sai bayan ɓarnar ne CrowdStrike ya ƙara gwajin da ke duba gurbin, ya kuma koma tura irin wannan gyara rukuni-rukuni.