Awa 72 Ba Ta Jiran Layin Kati

Duk mun san yadda ake yi a ƙaramin asibitin unguwa. Ka yanki kati, ka zauna a benci, a ƙwala kiran sunanka, sannan a tambaye ka "Me ke damun ka?" kowa yana ji. Idan zazzaɓi ne, ba komai. To yarinyar da aka yi wa fyaɗe fa? Yaya za ta buɗe baki ga maƙwabciyarsu a gefe ta kasa kunne? Mu dai a ganinmu gida za ta koma ta yi shiru.

Shirun nan kuwa yana da haɗari. Akwai maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau, amma sai an fara shan sa cikin awa 72, wato kwana 3, kuma a sha shi kwana 28 ba fashi. Idan abin ya faru daren Juma'a, zuwa daren Litinin lokaci ya ƙure. Ga kunya ta cinye kwana ɗaya, ga neman kuɗin mota, sannan a je a ce "sai kun kawo takardar 'yan sanda" ko "likita ya tashi, ku dawo gobe". Wane goben?

An san yadda ya kamata a yi. Cibiyar Waraka a Kano, cibiyoyin Salama a jihar Kaduna da cibiyar Nana Khadija a Sakkwato an buɗe su ne saboda wannan, kuma kyauta suke duba mutum. Amma ba kowa ke kusa da su ba.

Shi ya sa muke roƙon kowane asibiti, komai ƙanƙantarsa, ya ware ɗaki mai ƙofa, ba labule ba. A fara ba da magani kafin maganar kuɗi ko takarda. Idan yarinya ta ce mace take so ta duba ta, a samo mata. Kada a tambaye ta me ya fitar da ita da daddare, wannan tambaya ta wanda ya yi laifin ce. Yara maza ma abin yana samun su, su ma kada a yi musu dariya.

'Yan uwa ɗalibai, idan ƙawa ko aboki ya faɗa muku, kada ku kai labarin aji. Ku raka shi wurin mahaifiyarsa ko malamar da ya yarda da ita a ranar, kuma kada a wanke kayan da ke jikinsa, don shaida ne a kotu.