Kada Dariya Ta Rufe Bakin 'Ya'yanmu

'Yan uwa na Salaga da Yendi da Bawku, da duk inda zango ya kafu a ƙasar Gana.

Da wuya a sami wanda ya zauna a bencin makarantar boko a cikinmu bai ga irin wannan rana ba. Malami ya ta da yarinya ta karanta abin da ke kan allo. Ta miƙe da kuzarinta, ta fara, har ta iso kalmar "fifty", sai bakinta ya fitar da "pipty". Aji ya kwashe da dariya, wani lokaci har da malamin. Daga ranar ta sami sabon suna a filin wasa. Ta san amsar tambayoyi da yawa da aka yi bayan nan, amma ba ta ƙara ɗaga hannu ba. Shekaru kaɗan sai mu ji ana cewa ai wance ba ta da kan boko, alhali kanta lafiya lau yake. Bakinta aka rufe, kuma mu muka rufe shi.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne: Turanci ya zama wajibi ga duk ɗan zango da ke son ya tsaya da ƙafarsa a ƙasar nan, gyaran furucinsa kuma abu ne mai amfani, mai yiwuwa. Amma da koyarwa ake gyara furuci, kamar yadda malamanmu ke gyara karatun Alƙur'ani. Dariya ba ta taɓa gyara harshen kowa ba.

Mu fara da kanmu, domin mun ɗanɗani wannan dariya ta fuska biyu. Idan muka yi Turanci a Kumasi ko Ankara, a ce ga mutumin arewa. Idan muka yi Hausa a gaban Bakano ko Basakkwace, ya murmusa ya ce Gananci ne, don ya ji ɗayanmu ya ce "matata ya zo". Wanda aka yi wa haka sau biyu ya kamata ya fi kowa sanin zafin abin. Su masu yi mana dariyar ma kowa da nasa tabon. Da yawa daga masu jin Tuwi suna musanya "l" da "r". Yawancin mutanen Gana, har da masu digiri, suna faɗin "work" kamar "wek". Mutumin Legas da na Nairobi da na Delhi kowa da irin nasa Turancin, haka ma a Birtaniya kanta, furucin mutumin Glasgow daban da na mutumin Landan. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kakanninmu ba su san wannan kunya ba. A ƙarni na 19 Salaga ita ce babbar kasuwar goro, inda ayarin Kano da Katsina da Borno ke saukewa bayan tafiyar watanni. Fatake sun yi ciniki da Gonjawa da Asantawa da Dagombawa da Mosawa, kuma duk madugun da ya san aikinsa yana da ɗan abin da zai faɗa a harshen abokin cinikinsa, ko da a karkace ne. Harshe a wurinsu kayan tafiya ne, kamar salka da igiya. Turawan da suka zo ma haka suka yi da harshenmu. Bajamushe Gottlob Adolf Krause ya zauna a Salaga har aka riƙa kiransa Malam Musa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. A wurinsa wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, ya zurfafa a Hausa, shi ne kuma ya buga ƙamus na Hausa a 1906. Baturen Ingila R. S. Rattray ya buga tatsuniyoyi da al'adun Hausa a 1913 daga rubutun wani Malam Shaihu, a nan ƙasar tamu. Waɗannan mutane ba a haife su da "ɗ" ko "ɓ" ko "ts" a baki ba. Sun koya saboda suna da buƙata, kuma malamanmu sun zauna sun koya musu.

To me ya sa mu muka makara wajen koyon nasu? Akwai dalilai, kuma ba ragwanci ba ne. Yendi tana hannun Jamus tun bayan yaƙin Adibo na 1896 har zuwa 1914, lokacin da Ingila ta karɓe ta. A ɓangaren Ingila kuwa, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki arewa wurin ɗebo leburori da sojoji, ba ta damu da gina makarantu ba. Sai a 1909 aka buɗe makarantar gwamnati ta farko a Tamale. Cape Coast ta sami sakandare tun 1876, arewa kuwa sai 1951: tazarar shekara 75 ke nan. Ga kuma tsoron iyayenmu, waɗanda suka ga makarantu da yawa suna hannun mishan, suka zaɓi su tsare addinin 'ya'yansu. Ba za mu zarge su ba. Amma dole mu faɗi abin da makarar ta jawo.

A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar da ta bai wa baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasa. Dattawanmu suna tuna abin da ya biyo baya. Zanguna sun yi zuru, an sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, kuma cikin waɗanda suka hau mota har da mutanen da a nan aka yanke musu cibiya. Dokar da Turanci aka rubuta ta, takardar da za ta ceci mutum da Turanci ake cike ta, jami'in da za a yi wa bayani da Turanci yake tambaya. Ba mu ce Turanci kaɗai zai hana abin da ya faru ba. Amma wanda ke iya karanta doka da kansa, ya rubuta koke da hannunsa, ba daidai yake da wanda ke jiran tafinta ba.

Yau ma ƙofofin nan da Turanci suke buɗewa. Tun 2017 karatun babbar sakandare kyauta ne, amma ɗalibin da bai sami aƙalla C6 a Turanci a jarrabawar WASSCE ba, hanyar jami'a ta toshe masa, ko da ya yi zarra a lissafi. Haka abin yake a UDS ta Tamale, haka a kwalejin horon malamai ta Gbewaa da ke Pusiga. A cikin jarrabawar kuwa akwai sashen sauraro, inda ake gwada ko kunnen ɗalibi yana bambanta sautukan Turanci. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta a kotu, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban alƙali ya san maganar da ta bi ta bakin wani ba ta isa da nauyinta. Takardar fili, takardar magani, fom ɗin Ghana Card, saƙon banki a waya, duk Turanci ne. Sau nawa aka kalli sunan ɗan zango a ofis aka tambaye shi daga ina ya zo? A irin wannan lokaci mutum yana buƙatar bakin da zai ce, cikin natsuwa, kakana a nan aka binne shi.

Saboda haka furuci yana da muhimmanci, amma ba kowane kuskure ne ke da nauyi ɗaya ba. Wanda ya kamata mu damu da shi shi ne wanda ke canza ma'ana. Idan mai awon masara bai bambanta "fifteen" da "fifty" ba, sidi 35 ne a tsakani. Idan ma'aikaciyar jinya ta ce "thirteen" aka ji "thirty", rai ne a tsakani. Haka "pull" da "full", "vote" da "boat", "ship" da "sheep", "live" da "leave". Waɗannan su ne abin gyara. Sauran kuwa, irin amon murya da ke nuna daga ina mutum ya fito, ba cuta ba ne da za a nemi maganinsa.

Abin da muke mantawa shi ne, kayan gyaran suna cikin gidanmu. Sautuka biyun da ake rubutawa da "th", waɗanda suke wahalar da Bafaranshe da Bajamushe, su ne ث da ذ da yaro ke koya a gaban malamin tajwidi. Malam ya ce masa ya fito da kan harshensa ya taɓa haƙoran sama, ya maimaita har ya zauna. Wanda ya iya wannan ya riga ya iya farkon "think" da "this". Haka "f" ta Turanci ita ce ف, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, saɓanin tamu ta Hausa da ke fita tsakanin leɓɓa biyu. Wannan ne ma asalin rikicewar "p" da "f" a bakinmu. Ita "p" ɗin, mutumin Bawku yana faɗinta kullum idan ya ce zai je Pusiga. Mutumin Yendi yana faɗin "v" duk lokacin da ya ambaci Savelugu. Bambancin gajeren wasali da dogo kuwa, ai mu ne masu shi: ba mu taɓa rikita garin da ake zama a ciki da garin da ake jiƙawa a sha da sukari ba. Kunnen da ya raba waɗannan biyun zai raba "ship" da "sheep" idan an nuna masa. Abin da ya rage shi ne ɗabi'armu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe, wadda ta ba mu "burodi" da "direba". A Hausa daidai ne, kalmominmu ne. A Turanci sai a koya wa harshe ya haɗe su.

A gaya wa yaranmu kuma cewa rikicin ba duka daga gare su yake ba. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun haura 40, kuma rubutunsa ba ya bin furucinsa. Dubi "though" da "through" da "tough" da "cough": ƙarshensu ɗaya a takarda, a baki kuwa kowace da hanyarta. Yaron da ya karanta kalma yadda ya gan ta hankali ya yi amfani da shi. Abin da yake buƙata shi ne ya ji ta daga bakin wanda ya sani.

Akwai kuma wani ramin a ɗaya gefen. Mutanen Gana suna da sunan da suke kiransa, LAFA, wato lafazin ƙasar waje da aka samo a gida. Saurayi bai taɓa wuce Kintampo ba, amma ya lanƙwashe harshe yana maƙale murya kamar haifaffen Amurka, har Baturen ma ba zai gane shi ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Kofi Annan ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, kuma duk wanda ya saurare shi ya san ɗan Gana ne ke magana. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Hausa ce harshensa na yau da kullum, ya yi jawabi a zauren majalisar a 1960, Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Alhaji Aliu Mahama, haifaffen Yendi, ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009 da muryarsa ta gida. Abin da ya haɗa su shi ne magana a sarari, a tsanake, da sanin abin da za a faɗa.

Wani zai ce, idan muka rungumi Turanci haka, ina makomar Hausa da addini? Tambaya ce ta gaskiya. Game da addini, tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, kuma makarantun da ke haɗa Larabci da Turanci sun yaɗu a garuruwanmu. Game da Hausa kuwa, haɗarin yana nan. Gidan rediyon GBC yana watsa shiri da ita, amma ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu kamar Dagbani da Gonja. Gida da makarantar allo da kasuwa su kaɗai ne makarantarta. Don haka iyayen da suka daina yi wa 'ya'yansu Hausa, suna yi musu guntun Turanci da sunan wayewa, asara biyu suke jawo musu: yaro ya tashi ba Hausa mai kyau, ba Turanci mai kyau. Yaron Bawku da ke jin Hausa da Kusasanci da Mosanci, yana kuma tsintar Faransanci daga bakin 'yan kasuwar Togo da Burkina Faso, bai rasa wurin ajiye harshe na biyar ba. Turancin ma yana iya zama bawan labarinmu. Mohammed Naseehu Ali, ɗan zangon Kumasi, ya buga The Prophet of Zongo Street a 2005. Ayesha Harruna Attah ta buga The Hundred Wells of Salaga a 2018. Ta hanyarsu mutanen da ba su taɓa jin sunan Salaga ko zango ba suka karanta labarinmu. Idan ba mu ba da shi da kanmu ba, wani zai ba da shi yadda ya ga dama.

Abin da muke roƙo ba mai tsada ba ne. Malamanmu na boko su ware minti goma a rana don irin kalmomin nan masu kama da juna, su nuna wa yaro inda zai sa harshe da leɓe, su kuma hana dariya a aji kamar yadda suke hana satar amsa. A daina hukunta yaro don ya yi harshen uwarsa a harabar makaranta. Yayye da suka gama sakandare su zaunar da ƙannensu bayan magariba su karanta shafi ɗaya da babbar murya. A saurari labaran Turanci a rediyo kamar yadda muke sauraron na Hausa. Iyayenmu mata na kasuwa da dattawan da ke son koyo, a buɗe musu ajin dare a makarantun unguwa, a kuma girmama su a ciki, domin matambayi ba ya ɓata.

Mu kuma manya, idan muka ji wani ya ce "pipty", mu riƙe dariyarmu. Mu ja shi gefe mu nuna masa, kamar yadda malam ya taɓa nuna mana. Allah ya buɗa ƙirazan 'ya'yanmu, ya warware ƙullin harsunansu, ya sa iliminsu ya amfani zango da ƙasa baki ɗaya. Amin.