RA'AYINMU: Maraice Ɗaya Na Ma'aurata, Asabar Ɗaya Ta Yara



Abubuwa biyu da muka gani cikin aikin kiwon garke su ne suka sa muka rubuta wannan ra'ayi. Na fari, wata uwa a Zumuntar Mata, matar wani dattijon ikkilisiya, ta zo wurinmu bayan an kai autarsu ɗakin miji. Ba ƙarar duka ta kawo ba, ba kuma ta rashin abinci ba. Cewa ta yi ranar da gida ya zama daga ita sai maigida, sun zauna a tsakar gida har dare ya yi, ba wanda ya sami abin da zai faɗa wa ɗan'uwansa. Shekara fiye da talatin suna tare, amma dukan maganarsu ta kuɗin makaranta ce, da ta asibiti, da ta aikin majami'a. Da waɗannan suka ƙare, magana ta ƙare.

Na biyu, a Makarantar Lahadi muka tarar da yaro mai shekara goma sha biyu, haifaffen gari, wanda bai iya bambanta zangarniyar gero da ta dawa ba, alhali kakansa manomi ne. Ya haddace misalin mai shuka, ya kuma ci kyauta a kai, amma bai taɓa ganin ƙaya ta shaƙe shuka ba. Iyakar duniyarsa gida, makaranta, majami'a, da wayar mahaifiyarsa.

Iyaye da yawa suna ɗauka waɗannan bukatu biyu kishiyoyi ne: in an ba yara lokaci an tauye ma'aurata, in ma'aurata suka keɓe an yi watsi da yara. Mu ba mu ga haka ba. A yawancin gidajenmu ba yara ne suka cinye lokacin ma'aurata ba, ba kuma ma'aurata ne suka cinye na yara ba. Dukansu biyu an ƙwace musu, kuma dole mu faɗi gaskiya cewa mu shugabannin ikkilisiya muna da hannu a ciki.

Mu duba tsarin mako a ƙaramar ikkilisiya irin tamu. Litinin majalisar dattawa. Talata Zumuntar Mata. Laraba addu'ar tsakiyar mako. Alhamis koyon waƙa. Jumma'a nazarin Littafi Mai Tsarki, wani lokaci har da kwanan addu'a. Asabar sharar majami'a, ko biki, ko jana'iza. Lahadi sujada, bayan an tashi kuma kwamiti. A babbar ikkilisiya ana raba waɗannan tsakanin mutane da yawa. A wurinmu, inda iyalai ba su wuce ashirin ko talatin ba, mutum ɗaya shi ne magatakarda, shi ne malamin Makarantar Lahadi, shi ne kuma mai kiɗa. Matarsa ita ce ma'aji a Zumuntar Mata, tana cikin mawaƙa. Suna haɗuwa a ƙofar gida, wannan na shiga, waccan na fita. Muna yaba musu daga kan bagade, muna kiransu amintattu, ba ma tambayar yaushe rabon da su zauna su biyu.

Akwai kuma kunya. Mun taso a inda mutum ba ya zama da matarsa a idon jama'a, ba ya kiran sunanta, in kuwa aka gan shi yana rakiyarta kasuwa sai a ce mijin-ta-ce ne. Kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Amma kunyar da ta hana mutum sanin abin da yake damun matarsa ta wuce iyaka.

Sa'an nan akwai tsoro, wanda ba za mu raina ba. Mun tuna 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilu na 2014. Mun tuna ɗalibai fiye da ɗari na makarantar Bethel Baptist a jihar Kaduna da aka kwashe a watan Yuli na 2021. Uwar da ta kulle ƙofa ta ce yaro ba zai fita ba, tana da hujja. A kan wannan kuma, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hana iyalai da yawa ko zuwa gida Kirsimeti.

To, me Maganar Allah ta koya mana? A Farawa sura 2 an kafa aure tun ba a haifi ɗa ko ɗaya ba. Yara baƙi ne masu daraja da Allah ya aiko, za su yi shekara ashirin ko fiye su kama gabansu, amma alkawarin aure har mutuwa ne. A Maimaitawar Shari'a 24:5 an hana a tura sabon ango yaƙi ko a ɗora masa wani aikin jama'a har shekara guda, domin ya zauna ya faranta wa matarsa rai. Mu kuwa ango bai gama biyan bashin biki ba mun sa shi cikin kwamitin gini. A 1 Korantiyawa 7:5 Manzo Bulus bai yarda ma'aurata su ƙaurace wa juna ba sai da yardar su biyu, na ɗan lokaci, ko da saboda addu'a ne. In addu'a kanta an sa mata iyaka a wannan wuri, ina ga taron kwamiti? A 1 Timoti sura 3 kuma, ma'aunin wanda zai riƙe ikkilisiya shi ne yadda ya riƙe gidansa. Muna zaɓen dattijo da wannan ma'auni, sa'an nan mu ba shi aikin da zai hana shi zama a gidan.

Game da yara, Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ambaci wuraren da iyaye za su koya wa 'ya'yansu, kuma a cikinsu akwai lokacin tafiya a hanya. Ubangijinmu ma sau da yawa a fili ya yi koyarwarsa: a kan dutse, a bakin teku, a cikin gonaki. Ya nuna tsuntsaye, ya nuna furanni. A Markus 6:31, da ya ga almajiransa ba su da sukunin cin abinci saboda jama'a, ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta. Yaron da bai taɓa kwanciya a tabarma ya ga sama cike da taurari ba, yaya zai gane Zabura 19? In mahaifinsa ya nuna masa Kaza da 'Ya'yanta a sama, ya gaya masa cewa Allah ya ambaci waɗannan taurari sa'ad da yake yi wa Ayuba magana a sura 38, wannan darasi ba zai fita daga kansa ba. Gani ya kori ji.

Akwai wani dalili da ya shafe mu musamman, mu da muke 'yan kaɗan a inda muke zaune. Yaron da aka tashe shi a bayan katanga yakan girma yana jin shi baƙo ne a garin da aka binne cibiyarsa. Bai san dutsen garin ba, bai san rafinsa ba, bai san maƙwabta ba sai ta labarin tsoro. Ran da ya sami dama zai tafi, ba kuwa zai waiwayo ba. In muna so ikkilisiyoyinmu su ga wata tsara a waɗannan garuruwa, sai 'ya'yanmu su san ƙasar su ƙaunace ta.

Fita da yara ba sai an yi nisa ba. Wanda Allah ya hore masa, hanya kuma ta yi kyau, zai iya kai iyalinsa Yankari a jihar Bauchi, wadda aka keɓe domin namun daji a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, su ga giwa in sun yi sa'a, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Na kusa da Jos suna da duwatsun Shere da gangaren ruwan Assop. Amma na Kano suna da Dutsen Dala a tsakiyar birni, an yi masa matakala, daga samansa ana ganin gari duka; suna kuma da gidan namun daji na Audu Baƙo. Na Zariya suna da Kufena a gefen Wusasa. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan yana da gonar wani ɗan'uwa a bayan gari. A tafi da ƙafa, da gorar ruwa da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. A nuna wa yara kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya. A nuna musu gawo, itacen da yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, a tambaye su dalilin da ya sa manomi yake barinsa a gona. A nuna musu shamuwa, a gaya musu zuwanta alamar damina ce. Yarinya ma a tafi da ita. Kada a bar ta gida da wanke-wanke 'yan'uwanta maza suna hawan dutse.

Rigakafi ya fi magani, saboda haka a kiyaye waɗannan. A tambayi mutanen wuri labarin hanya a ranar tafiya, ba labarin makon jiya ba. Inda aka ce akwai shakka, a fasa, ba rashin bangaskiya ba ne. A fita da safe a dawo kafin rana ta faɗi, a kuma gaya wa wani inda aka nufa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe, rafuka suka janye. Kada yaro ya shiga kududdufi ko bakin dam: ban da haɗarin nutsewa, a irin wannan ruwa ake kamuwa da tsargiya. A sa wa yara takalma masu rufe ƙafa, a hana su zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse saboda kububuwa da kunama. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tam, a nufi asibiti nan da nan.

Ga ma'aurata kuma, abin da muke roƙo ƙarami ne: maraice ɗaya a mako. Ba sai an je otal ba. Yara su yi barci, a kashe waya da talabijin, a shimfiɗa tabarma, a dafa shayi. Ko a taka tare zuwa wurin mai tsire a dawo. A wannan maraice kada a yi lissafin kuɗi, kada a yi shari'ar yara. Maigida ya tambayi uwargida abin da yake ranta, ya kuma yi haƙuri ya ji amsa har ƙarshe. Makon fari zai yi nauyi, mai yiwuwa a yi ta dariyar kunya. A ci gaba. Yaran da suka ga iyayensu suna hira suna dariya sun sami wata kwanciyar rai da kuɗi ba ya saye, sun kuma ga irin auren da za su nema wa kansu.

Mun san tambayar da za a yi: wa zai riƙe yara? Da yawa cikinmu aiki ne ya kawo mu, kaka da gwaggo suna can gida, tafiyar yini guda. A nan ne ikkilisiya za ta nuna ita dangi ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka muna ba majalisun dattawa shawara huɗu.

Ɗaya, a ware maraice ɗaya a mako da ba za a sa kowane taro ba, a sanar da shi daga bagade, fasto ya fara kiyaye shi a gidansa.

Biyu, a bar Asabar ɗaya a wata domin iyalai, sai dai in rasuwa aka yi.

Uku, iyalai biyu ko uku da suka amince da juna su yi karɓa-karɓa: wannan wata waɗannan su fita da dukan yaran, waɗancan ma'aurata su huta, wata mai zuwa a juya. Da haka fita ɗaya ta biya bukata biyu. A riƙa ɗaukar 'ya'yan gwauraye da marayu, kada a bar su a baya, kada kuma a bar yara a hannun babba ɗaya shi kaɗai.

Huɗu, kada a ɗora wa sababbin ma'aurata muƙami a shekararsu ta fari, kada kuma mutum ɗaya ya riƙe fiye da muƙami biyu.

Wani zai ce aikin Ubangiji zai ja baya in aka rage taro. Muna amsawa da cewa ikkilisiya iyalai ce. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma ƙararrakin aure da suke zuwa gaban dattawa da wuya su fara da babban zunubi. Yawanci da shiru suke farawa. Ikkilisiyar da take da iyalai ashirin, in aure biyu suka mutu ta yi asarar kashi ɗaya cikin goma, ban da yaran da za su watse. Maƙwabtanmu kuma da ba sa shiga majami'armu ba su jin wa'azinmu, gidajenmu suke karantawa.

Mu da muke rubuta wannan ba mu kuɓuta daga laifin ba. Akwai shekarun da 'ya'yanmu suka fi ganinmu a kan bagade fiye da a tsakar gida, kuma ba za su dawo ba. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana cikin abin da za ta tattauna a zamanta na gaba, ta kuma aiko mana da abin da ta yanke domin mu buga a fitowa mai zuwa.

Ubangiji ya tsare fitarmu da shigarmu, ya albarkaci gidajenmu. Amin.