Sharhi: Lokaci ya yi da masu gyaran wutar Damagaram za su koyi sarrafa otomat

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka umarci wasu manyan jami'ai uku 'yan China na kamfanonin CNPC da WAPCO da matatar mai ta SORAZ su bar ƙasar. Daga cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Jama'a da dama sun yi na'am da matakin. Sai dai albashi mai tsoka yana bin aikin da ba kowa ya iya ba, kuma umarnin gwamnati ba ya koya wa mutum sana'a.

Matatar SORAZ, mai nisan kilomita kusan 50 a arewacin birnin Damagaram, ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. A masana'anta irin wannan ba mutum ne ke tsaye yana kunna kowane famfo da hannu ba. Wata ƙaramar kwamfuta ce a cikin akwatin wuta ke karɓar bayanin zafi da matsi da yawan ruwa ko mai, sannan ta ba injin umarnin tashi ko tsayawa. Masu Faransanci na ce mata otomat, masu Ingilishi kuma PLC. Wanda ya iya rubuta mata umarni, ya kuma gano inda matsala take idan ta tsaya, shi ake nema ruwa a jallo.

Mai gyaran wuta ya fi kowa kusa da wannan ilimi. An ƙera na'urar ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, bayan kamfanin motoci na General Motors ya nemi abin da zai maye gurbin tarin rile da wayoyi da ake kwancewa duk lokacin da aka sauya samfurin mota. Shi ya sa aka tsara ɗaya daga cikin harsunanta, wato zanen tsani, ya yi kama da zanen haɗa wayoyi da masu gyaran wuta suka saba karantawa. Duk wanda ya taɓa haɗa kwantakta ya tayar da injin, ya riga ya ci rabin hanya. Abin da ya rage masa shi ne kwamfuta, da ɗan Faransanci ko Ingilishin karanta takardar na'ura, da haƙuri.

Wasu za su ce masana'antu nawa ne a Damagaram da har matashi zai ɓata lokacinsa. Gaskiya ne ba su da yawa, kuma matatar ba za ta ɗauki kowa ba. Amma aikin otomat bai tsaya a harkar mai ba. Birnin da ya daɗe yana fama da ƙishirwa yana rayuwa ne da famfunan rijiyoyin burtsatse da tankuna. Ƙaramar otomat na iya kashe famfo idan tanki ya cika, ta hana shi aiki idan rijiya ta janye don kada ya ƙone, ta kuma tayar da janareta idan wutar NIGELEC ta ɗauke. Wanda ya ga duhun da aka sha bayan Najeriya ta katse wuta a watan Agusta na 2023 ya san darajar wannan. Ga masu tunanin ci-rani kuwa, masana'antun Kano da na Aljeriya ba sa biyan mai jan waya abin da suke biyan mai tsara injin.

Farawa ba ya buƙatar jari mai yawa. Manhajojin Zelio Soft da OpenPLC kyauta ne, kuma ana iya gwada umarni a kan kwamfuta tun kafin a mallaki na'urar. Amma bidiyon intanet kaɗai ba ya isa. Kuskure ɗaya a cikin umarni na iya ƙona injin miliyoyi ko ya raunata ma'aikaci, don haka dole a yi koyo a gaban gwani, da na'ura ta gaske.

A nan ne nauyi ya hau kan hukumomi. Bai kamata matashin Birni ko Zango ya tafi EMIG a Yamai ko ya nufi Maradi kafin ya taɓa otomat ba. Asusun FAFPA da cibiyoyin koyon sana'a na jihar su buɗe gajeren horo na yamma ga masu gyaran wuta da ke kan aiki, a ba su takardar shaidar da kamfanoni za su amince da ita. SORAZ ta ba da tsoffin na'urorinta, ta karɓi ɗalibai su yi gwaji. 'Yan Damagaram da ke ƙetare kuma, cikin saƙon da suke aikowa gida, su haɗa wa ƙane tsohuwar kwamfuta da ƙaramar otomat. Idan aka tashi cike gurbin baƙi a matatar, wanda ya shirya ne za a kira.